Yadda ake bi da magungunan amosanin gaɓɓai mai tafiya da ciwon fata na soriyasis

Gwaggona ta fi shekara 3 tana fama da ciwon gaɓɓai kafin a gane ainihin abin da ke damunta, kuma duk tsawon lokacin nan ba zaune take ba, magani take sha, kullum akwai ƙullin ƙwayoyi daga kemis a ƙarƙashin filonta, ja da fari da yalo, in ta sha ta samu sauƙi kwana biyu sai abin ya dawo. Mu a gida sanyin ƙashi muke cewa. Ɓawon da ke fita a kanta da bayan kunnenta kuwa amosanin kai muka ɗauka, ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa fatar da gaɓɓan duk ciwo ɗaya ne, sai ranar da wani likita ya kama hannunta ya duba faratanta ya ga ƙananan ramuka kamar an caccaka da tsinin allura, ya ce Hajiya wannan soriyasis ne ya shiga gaɓɓai. A lokacin yatsunta biyu sun riga sun lanƙwashe, har yau kuma ba su miƙe ba. Abin da na koya a zirga-zirgar asibiti da ita shi ne zan zayyano, sunayen magunguna kuma zan rubuta su yadda suke a jikin kwali don ka gane su in ka gani.

Da farko dai ka tabbatar shi ne

Soriyasis ba kuturta ba ce, ba makero ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta taɓa jiki ko cin abinci a kwano ɗaya. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta koma tana yaƙar fatarsa, a wasu mutanen kuma, kusan 1 cikin 4 ko ma 1 cikin 3 na masu soriyasis ɗin, sai ta gangara kan gaɓɓai. A jikin baƙar fata ba lallai ya yi ja ba kamar hotunan da ake gani a intanet, yakan yi toka-toka ne ko duhu mai kauri da ɓawo, a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, fatar kai, cibiya, ƙasan baya. Yawanci fatar ce ke riga, gaɓɓai su biyo baya da shekaru, amma akwai wanda nasa gaɓɓan ke fara ciwo fata lafiya lau.

Abin da za ka lura da shi, in ka tashi da asuba jiki a sandare ya fi rabin awa kafin ya saki, kuma motsi ne ke sa ya saki ba hutu ba, ko yatsa guda ya kumbura gaba ɗayansa tun daga tushe har kai, ko diddige da agara su riƙa zafi in ka taka, ko ciwon ƙugu da ke tashinka cikin dare. In kana da waɗannan toh likitan gaɓɓai kake buƙata, wanda ake ce wa rumatolojis, kuma gaskiya ba su da yawa, a manyan asibitocin koyarwa za ka fi samunsu, irin su Asibitin Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Maiduguri. In babu a kusa likitan fata ma ya san ciwon sosai. Kada ka bari a sallame ka don kawai gwajin jinin amosani ya fito babu komai, a wannan nau'in dama yawanci haka yake fitowa, da ido da hannu da tarihi ake gane shi.

Masu kashe zafi: suna da amfani amma ba su ne maganin ba

Ibuprofen, diclofenac, naproxen, celecoxib, waɗannan su ake farawa da su kuma in ciwon ɗan kaɗan ne suna iya riƙe mutum. Suna rage zafi da kumburi da sandarewar safe. Amma ba sa hana gaɓa lalacewa, nan ne aka cuci Gwaggo, zafi ya lafa tana ganin ta samu lafiya ashe a ciki ƙashin yana ta cinyewa.

Yadda za ka sha su: guda ɗaya tak a lokaci guda, kar ka haɗa diclofenac da ibuprofen wai don ya fi ƙarfi, ba ya ƙara komai sai illa. Ka sha bayan ka ci abinci. In kana da olsa, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda, ko na zuciya, ko shekaru sun ja, ka faɗa wa likita tun kafin ya rubuta, sau da yawa zai haɗa maka da omeprazole don kare ciki. In ka ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta ka tsaya nan take ka tafi asibiti, jini ne ke zuba a ciki. Mai ciki kuma, musamman in cikin ya tsufa, ba nata ba ne.

Sai maganar haɗin kemis. Don Allah ɗan'uwa duk ƙullin da ba ka san sunan abin da ke ciki ba ka bar shi, domin sau da yawa akwai prednisolone ko dexamethasone a ciki, wato sitiroyid, shi ne ke ba da sauƙin nan na ban mamaki, shi ne kuma ke kumbura fuska ya tayar da suga ya tayar da hawan jini ya sa ƙashi ya yi rauni. Ga mai soriyasis kuma akwai ƙarin haɗari, in aka daɗe ana sha aka yanke kwatsam fatar na iya tashi gaba ɗaya ta fi da muni, har a kwantar da mutum. In ka riga ka daɗe a kai kar ka yanke da kanka yau, ka kai wa likita ƙullin ya gani ya sauke ka a hankali. Inda sitiroyid ke da kyau shi ne in gaɓa ɗaya ce ko biyu suka kumbura, likita ya yi allurarsa a cikin gaɓar kai tsaye, wannan kam yana taimakawa kafin babban magani ya fara aiki.

Methotrexate, wanda yawancinmu a kansa za mu zauna

Shi ne ginshiƙi, tsohon magani ne, ana samunsa, kuɗinsa da sauƙi in aka kwatanta da na gaba, kuma yana taɓa gaɓɓai yana taɓa fata. Wasu in sun ji ana amfani da shi wajen ciwon daji sai su tsorata, gaskiya ne ana yi, amma a can da yawa ake bayarwa, a nan ɗan kaɗan ne don a kwantar da garkuwar jiki.

Abu ɗaya da nake so ko ka manta komai kar ka manta shi: sau ɗaya a SATI ake shansa, ba kullum ba. Mutane sun rasa rayukansu saboda wannan kuskuren, mun saba da safe da rana da dare, sai mutum ya karɓi ƙananan ƙwayoyi ya riƙa sha kullum, cikin kwanaki ɓargo ya daina yin jini baki ya fashe. Ka zaɓi rana guda ka rubuta a jikin kwalin da babban baƙi, ka gaya wa wanda ke kula da kai a gida. Yawanci ana farawa daga miligiram 10 zuwa 15 a sati, a riƙa ƙarawa har 20 ko 25 in ya kama. Ƙwayar da aka fi sani ta miligiram 2.5 ce, kaga in an rubuta maka 15 ƙwaya 6 kenan a rana ɗaya, amma akwai ta miligiram 10 kuma suna iya kama da juna, don haka duk sanda ka sayo sabon kwali ka duba lambar, kar ka ƙirga 6 da ka kawai.

Tare da shi akwai folik asid, yawanci miligiram 5, a wata rana daban ba ranar methotrexate ba. Kar ka raina shi don yana da araha, shi ke rage tashin zuciya da gyambon baki da wahalar hanta. In duk da haka tashin zuciyar ya dame ka, ka koma shansa da dare bayan abinci, in bai yi ba akwai na allura a ƙarƙashin fata shi ma sau ɗaya a sati, ciki ya fi jure shi.

Kafin a fara dole a yi gwajin jini, adadin ƙwayoyin jini, hanta, ƙoda, da ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau, sau da yawa har hoton ƙirji. Na ciwon hanta B ɗin nan kar a tsallake shi, a yankinmu yana da yawa ƙwarai kuma mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Bayan an fara kuma gwajin ba ya ƙarewa, da farko kamar duk sati 2, sai ya koma wata-wata, in komai ya daidaita duk wata 3. Na san kuɗi ne, na san layi ne, mu ma akwai watan da muka ce a bari sai an samu, amma hanta ba ta yin ƙara in ta fara gajiya, a takardar gwaji kawai ake gani.

Ga wanda mutane da yawa ba su sani ba kuma ya shafe mu sosai: Septrin. Mai shan methotrexate ba ya shan Septrin, ko duk wani mai co-trimoxazole ko trimethoprim a ciki, haɗuwarsu na iya durƙusar da ɓargo, kuma ka san yadda ake miƙa Septrin a kemis don tari ko gudawa ba tambaya. Fansidar na maleriya shi ma hanyarsu ɗaya, a guje shi. Chloroquine kuma yana iya tayar da soriyasis ɗin fata. Don haka duk inda ka je, ko zazzaɓi ne ya kai ka, kalmar farko ka ce ina shan methotrexate. Giya babu ita sam. Jiƙe-jiƙe da tsimi da garin maganin da ba a san me aka daka ba, ka ajiye su, in hanta ta motsa likita ba zai san wanne ne ya jawo ba sai ya cire maka maganin da ke maka aiki.

Sannan haƙuri, sai ya yi sati 6 zuwa 12 kafin ka ji bambanci. Gwaggo a sati na 4 ta ce ita dai wannan ba ya komai a mayar mata da na kemis, da ƙyar aka lallashe ta, a wata na 3 ita da kanta ta ce ta iya murɗa murfin kwalba.

In ka ga ɗaya daga waɗannan ka dakata da shi ka nemi likita a ranar: gyambo a baki da yawa, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, jini na fita a dasashi ko tabo a jiki ba ka bugu ba, ido ya yi yalo, busasshen tari da numfashi sama-sama.

'Yar'uwa mai neman haihuwa, wannan naki ne. Methotrexate yana zubar da ciki yana nakasa jariri, ba a ɗaukar ciki a kansa kuma ba a shayarwa a kansa. Ki gaya wa likita gaskiya tun ranar farko ko da maigida na zaune a wurin, a tsara miki tazara, in lokacin ya yi a dakatar da shi tun watanni kafin, likitoci da yawa wata 3 suke cewa, a canza miki wani. In kuma kin ga ɓatan wata kina kan sha ki tsaya ki je asibiti, kar ki jira ranar kilinik.

Sauran 'yan ajinsa

Sulfasalazine kullum ake shansa, ana farawa da miligiram 500 a riƙa hawa har giram 2 ko 3 a rana. Yana mayar da fitsari ruwan lemo, wannan ba komai. Bai cika yi wa fata komai ba, amma ana iya shansa da ciki tare da folik asid, shi ya sa ake yawan komawa kansa ga mata. Ga maza yana rage ƙwayoyin maniyyi amma suna dawowa in an daina. Wanda maganin salfa ke yi wa ƙaiƙayi ko ƙuraje, ko aka taɓa gaya masa yana da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, wanda ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma, ya faɗa kafin a rubuta. Leflunomide kuma miligiram 10 zuwa 20 ne kullum, yana aiki, yana iya kawo gudawa da hawan jini, kuma yana daɗewa a jiki har kusan shekara 2 bayan an daina sai in an wanke shi da wani magani, don haka budurwa ko amarya ta yi tunani sosai a kansa. Dukkansu suna son gwajin jini. Kuma dukkansu har da methotrexate ba sa aiki a ƙashin baya, in ciwonka a gadon baya da ƙugu yake, masu kashe zafi suka gaza, kai tsaye mataki na gaba ake tsallakawa.

Alluran zamani, bayolojik

Waɗannan kowanne an ƙera shi ne ya toshe saƙo guda ɗaya da garkuwar jiki ke aikawa don tayar da kumburi. Na farko da aka amince da shi don wannan ciwon a Amurka etanercept ne a 2002, yana toshe wani sinadari da ake kira TNF, 'yan gidansu su ne adalimumab da ake yi duk sati 2, golimumab duk wata, infliximab ta ƙarin ruwa a asibiti, da certolizumab wanda kusan ba ya ratsa mahaifa don haka shi ake so ga mai ciki. Daga baya aka samu masu toshe wani sinadarin da ake kira IL-17 irin secukinumab da ixekizumab, da ustekinumab, da masu toshe wani kuma da ake kira IL-23 irin guselkumab da risankizumab.

Ba wai wani ya fi wani a komai ba ne, jikinka ne ke zaɓa, shi ya sa za ka gaya wa likita duk abin da ke damunka ko kana ganin bai shafi gaɓɓai ba. In fata ce ta fi tsanani masu IL-17 da IL-23 sun fi share ta. In ƙashin baya ne, masu TNF ko IL-17. In kana da ciwon kumburin hanji mai gudawa da jini, masu IL-17 na iya ƙara shi kuma etanercept ba ya masa aiki. In ido na yawan yin ja da zafi da gudun haske adalimumab ake so. Mai raunin zuciya mai tsanani ba a cika ba shi masu TNF ba.

Kafin allura ta farko sai an bincika tarin fuka, ba wanda ake tari kawai ba, har wanda ke kwance shiru a jiki, da hoton ƙirji da gwajin jini ko na fata, domin masu TNF musamman suna iya tashinsa, kuma a ƙasarmu masu ɗauke da shi a kwance suna da yawa. In an samu sai a fara maganinsa tukun. Haka mai ciwon hanta B, ana ɗora shi a kan maganin kariya irin tenofovir ko entecavir. Duk wanda ya ce zai sayar maka da allurar nan ba tare da waɗannan gwaje-gwajen ba ka gudu.

Sai matsaloli biyu da ba a rubuta su a jikin kwali ba, kuɗi da wuta. Suna da tsada ƙwarai, kuma ba allura ɗaya ba ce a gama, tafiya ce mai tsawo, don haka kafin ka sayar da fili ka fara ka zauna da likita ku yi lissafin wata 6 ko shekara, ka tambaye shi ko akwai bayosimila, wato irin maganin da wani kamfani ya yi bayan wa'adin mallakar na asali ya ƙare, aikinsu ɗaya kuɗin ya fi sauƙi, adalimumab da etanercept da infliximab duk suna da su. Ajiya kuma a firij ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a firiza ba, in ya daskare ya lalace. Wasunsu suna jure 'yan kwanaki a waje in zafi bai wuce 25 ba, toh ina 25 a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, in ba ka da tsayayyar wuta ko sola gara ka roƙi a ajiye maka a famasin asibiti ka riƙa zuwa ranar allura, in za ka ɗauko kuma sai a cikin kula da ƙanƙara a nannaɗe da tsumma.

Akwai kuma sababbin ƙwayoyi ga wanda allura ba ta yiwu masa ba. Apremilast, tun 2014, miligiram 30 safe da yamma, bai kai alluran ƙarfi ba amma bai cika buƙatar gwajin jini ba, yana kawo gudawa da tashin zuciya a farko da rama, wasu kuma damuwa da ƙuncin rai, a sa ido. Tofacitinib da upadacitinib suna da ƙarfi sosai kuma ba ruwansu da firij, amma akwai gargaɗi a kansu na daskarewar jini a jijiya da ciwon zuciya da ciwon daji, musamman ga wanda ya haura 65 ko mai shan taba, sannan suna tayar da ƙurajen nan masu zafi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki ga wanda ya taɓa yin ƙarambau.

Azumi, tafiya, da ranar komawa

Da azumi methotrexate ba shi da wahala tunda sati-sati ne, ka sha bayan buɗa baki a ranarsa. Masu kashe zafi ne abin tsoro, ciki wayam ga ƙishirwa ga zafi, ƙoda na wahala, ka sha su bayan ka ci ka sha ruwa sosai, in kullum kake buƙatarsu ka yi magana da likita tun cikin Sha'aban. In gwiwa ta hana sujada ka yi sallarka a zaune, addini ya ba da wannan.

Maniyyaci ko mai tafiya waje, rigakafin zazzaɓin shawara akwai ƙwayar cuta mai rai da aka raunana a cikinsa, ba a yi wa wanda ke kan bayolojik ko sauran masu danne garkuwa sai da shawarar likita, ka tayar da maganar tun watanni kafin a fara biza. Na sanƙarau ba shi da wannan matsalar. In zazzaɓi mai ƙarfi ya kama ka ko ana ba ka maganin kashe ƙwayoyin cuta, ana ɗaga allurar ko ƙwayar satin har ka warke, ka kira ka tambaya. Rage ƙiba da barin taba kuma suna sa magungunan nan su fi kama jiki, wannan an gani.

Duk maganin da aka ɗora ka a kai ana ba shi kamar wata 3, in babu wani motsi sai a ƙara ko a canza, in wata 6 ya cika ba a kai inda ake so ba kar ka yarda a ci gaba da maimaita takarda ɗaya, ka buɗe baki ka ce likita har yanzu ina kaza da kaza. In kuma ka ji garau kar ka daina da kanka, ciwon kwanciya ya yi, likita ne zai rage a hankali in ya ga dama ta samu.

Mu abin da ya taimake mu ƙaramin littafi ne na 'yan makaranta. A ciki jikarta ke rubuta ranar da ta sha, ƙwaya nawa, minti nawa ta yi da safe kafin hannu ya saki, wace gaɓa ce ta kumbura a satin, a bayan littafin kuma muna manna takardun gwaji bi da bi, duk ranar kilinik da shi ake tafiya a jaka tare da kwalayen maganin gaba ɗaya har wanda aka saya a waje. Ranar Gwaggo Litinin ce bayan isha'i, folik asid kuma Alhamis, yanzu tana ɗaga butarta da kanta ta yi alwala, da yatsu takwas ɗin da suka tsira.